Dajin Baki Da Maƙogwaro: Yadda Magana Da Haɗiya Ke Dawowa Bayan Tiyata

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa jarin farko na ɗan kasuwa shi ne bakinsa. Da baki ake sallama, da shi ake tayi, da shi ake cewa albarka, da shi kuma ake sallamawa. Dillalin shanu a Adumri, da mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, da mai auno gyaɗa da masara daga Pitowa, da direban da ke jigilar kaya tsakanin Gashiga da Yola, babu ɗaya daga cikinsu da zai iya yini guda yana sana'arsa bakinsa a rufe. Mu ma da muke aikin gidan rediyo haka abin yake a gare mu, domin ranar da murya ta dishe, ranar ba aiki.

Wannan ne ya sa idan likita ya shaida wa mutum cewa yana da ciwon daji a harshe ko a muƙamuƙi ko a maƙogwaro, kuma sai an yi masa tiyata, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: "Likita, in an yanke, zan sake magana? Zan sake cin tuwo?" Da yawa daga cikin mutanenmu tsoron amsar wannan tambaya ke sa su naɗe takardun asibiti su koma gida, sai ciwo ya ci ƙarfinsu sannan a dawo da su ranga-ranga. A wannan makon mun ga ya dace mu kawo wa mai karatu bayanin abin da likitoci ke yi domin cike gurbin naman da aka cire, da yadda jin taɓi da haɗiya da magana ke dawowa, da kuma abin da ke kan majiyyaci da iyalinsa da abokan kasuwancinsa.

Mene ne ciwon, kuma me ke kawo shi?

Mafi yawan dajin baki da maƙogwaro yana farawa ne daga siririyar fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin baki. Yakan fito a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko a dasashi, ko cikin kumatu, ko ganɗa, ko gindin harshe, ko kuma a gidan murya da ke saman maƙogwaro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da dajin leɓe da na cikin baki a duniya, kuma kimanin 188,000 suka rasu ta dalilinsa.

Manyan abubuwan da ke haddasa shi su ne taba da giya, kuma idan mutum ya haɗa biyun haɗarin yakan ninka. Idan aka ce taba, kada mai karatu ya tsaya kan sigari kaɗai. Taba gari da ake cakuɗawa da kanwa a dunƙule a ƙarƙashin leɓe tana cikin lissafi, kuma a Sudan, inda ake kiran irinta tumbak, likitoci sun daɗe da gano alaƙarta da dajin baki, sau da yawa daidai wurin da mutum ya saba ajiye ta. Akwai kuma ƙwayar cutar HPV da ke haddasa dajin gindin harshe da na can cikin maƙogwaro, wadda ita ce dai ke kawo dajin bakin mahaifa. Kamaru ta sanya allurar riga-kafinta cikin jerin alluran yara a 2020, Nijeriya kuma a 2023.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Gyambo a baki wanda ya wuce mako uku bai warke ba, tabo fari ko ja da ba ya gogewa, haƙori ya yi ta girgiza ba dalili, dishewar murya ta fi mako uku, zafin haɗiya, ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau, ko kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta zafi. Masu cin goro su riƙa wanke baki su duba shi a madubi da hasken rana, domin jan goro na iya rufe tabo. A nan ne muke yawan yin asarar lokaci: a ce beli ne a kai wa wanzami, a ce maruru ne a yi sakiya, a sha ƙwayoyi daga teburin mai magani wata da watanni. Alhali a ƙasa irin Amurka, inda ake ajiye lissafi, fiye da mutum 8 cikin 10 da aka gano nasu tun yana wuri guda suna nan da rai bayan shekara 5, amma idan ya bazu zuwa sassan jiki na nesa adadin bai kai rabi ba. Ga shi kuma ƙaramin ciwo ƙaramar yanka yake buƙata, wani lokaci ma ɗinki kawai za a yi ba tare da an nemo nama daga wani wuri ba.

Faci iri biyu

Idan ciwon ya girma, likita zai cire shi haɗe da kimanin santimita 1 na lafiyayyen nama ta kowane gefe, kuma sau da yawa yakan buɗe wuya ya kwashe kaluluwar da ciwon ke bi ya bazu. Ramin da ya rage dole a cike shi, in ba haka ba miyau da abinci za su riƙa zuba cikin wuya, harshe kuma ya manne wuri guda. Abin da ake yi ya yi kama da aikin tela idan riga ta yage ya yanko ƙyalle daga ciki ya yi mata faci, sai dai wannan facin mai rai ne, dole jini ya riƙa shigarsa yana fita.

Nau'i na farko shi ne wanda ake juyo nama daga maƙwabta ba tare da an tsinke jijiyar jininsa ba. Wanda ya fi shahara shi ne naman ƙirji, wanda wani likitan Amurka mai suna Stephan Ariyan ya bayyana a 1979. Ana yanko tsokar ƙirji da fatarta, a ratso da ita ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa baki. Ba ya buƙatar na'ura ta musamman, ba ya saurin mutuwa, shi ya sa har gobe asibitocin Afirka da dama suka dogara da shi. Aibinsa shi ne kauri da nauyi. Akwai kuma facin da ake ɗaukowa daga ƙarƙashin haɓa, ko saman kafaɗa, ko gefen hanci idan ramin ƙarami ne.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake ciro nama ɗungurungum daga wani sashe na jiki mai nisa, haɗe da jijiyoyin jininsa, a kawo shi baki a ɗinke jijiyoyin da na wuya. Faɗin waɗannan jijiyoyi bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, don haka da madubin likita mai ƙara girman abu ake aikin, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Likitocin sojan ƙasar Sin a birnin Shenyang ne suka fito da facin fatar hannu, wato wadda ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, suka wallafa shi a 1981, sannan likita David Soutar na Glasgow ya nuna amfaninsa a cikin baki a 1983. Fatar siririya ce mai lanƙwasuwa, ta dace da harshe. A 1984 aka fito da facin fatar cinya, wanda ake amfani da shi idan ramin babba ne.

Idan kuwa ƙashin muƙamuƙi aka cire, to ƙafa ake komawa. A ƙwaurin mutum akwai ƙashi biyu, babba da ƙarami, kuma babban ne ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki. Likita Ian Taylor na Ostareliya ya fara dasa ƙaramin a wani wuri haɗe da jijiyoyinsa a 1975, sannan David Hidalgo na birnin New York ya yi muƙamuƙi da shi a 1989. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa a lanƙwasa shi ya bi siffar haɓa, a ɗaure da ƙarfe, daga baya ma ana iya kafa haƙora a jikinsa. Mutum yakan koma tafiya da ƙafarsa bayan an koya masa motsa ta.

Irin wannan tiyata takan ɗauki awa 8 zuwa 12, kuma kwana uku na farko su ne masu haɗari, domin idan jini ya daskare a wurin ɗinkin, facin zai mutu matuƙar ba a koma ɗakin tiyata da gaggawa ba. Shi ya sa malaman jinya ke leƙa bakin majiyyaci kusan kowace awa, dare da rana. A asibitocin da suka ƙware, fiye da 9 cikin 10 na irin wannan faci suna kamawa.

Yadda jin taɓi ke dawowa

Cike rami abu guda ne, samun bakin da ke jin abin da ke cikinsa kuma wani abu ne daban. Mai karatu ya tuna ranar da likitan haƙori ya yi masa allurar kashe zafi, yadda leɓe ya yi nauyi, miyau na zuba bai sani ba, ya ciji kumatu bai ji ba. To haka mai sabon faci yake kwana yake tashi. Abinci yakan taru a gefen da ba ya ji, shayi mai zafi ya ƙona shi, ƙayar kifi ta soke shi, duk bai sani ba. Mafi haɗari shi ne ruwa ya gangara maƙogwaro kafin ƙwaƙwalwa ta samu labari ta rufe hanyar iska.

Domin magance wannan, likitoci suka fara ciro facin haɗe da jijiyar da ke kai saƙon taɓi daga fatar zuwa ƙwaƙwalwa, su ɗinke ta da guntun jijiyar harshe da ya rage. Likita Mark Urken na New York yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki, ya wallafa shi a 1990. Ɗinkin shi kaɗai ba ya dawo da ji nan take. Jijiyar harshe ce za ta riƙa tsirowa sannu a hankali tana bin cikin jijiyar facin kamar yadda saiwa ke bin ƙasa, kuma tafiyarta ba ta wuce kimanin milimita 1 a yini ba, wato santimita 3 a wata. Saboda haka sai bayan wata 4 zuwa 6 mutum zai fara jin wani abu, kuma abin yakan ci gaba da ƙaruwa har shekara ɗaya ko biyu. Tsikari da jin kamar kiyashi na tafiya a wurin alama ce ta cewa jijiyar na isowa.

Wani abin mamaki da likitoci suka lura da shi shi ne, fatar hannun da aka haɗa da jijiyar harshe takan fi jin taɓi a cikin baki fiye da lokacin da take a hannu. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa ta ware wa harshe fili mai faɗi, don haka duk saƙon da ya biyo ta jijiyarsa ana karanta shi dalla-dalla. Facin da ba a haɗa masa jijiya ba shi ma yakan samu ɗan ji daga gefe-gefe bayan lokaci, amma bai kai na wanda aka haɗa ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata majiyyaci ya sani tun kafin a shiga da shi. Na farko, faci ba ya jin ɗanɗano, domin fatar hannu ko ta cinya ba ta da ƙwayoyin ɗanɗano, sauran harshen da ya rage ne zai riƙa wannan aiki. Na biyu, faci ba ya motsi da kansa, ragowar harshe ce ke jan sa, shi ya sa yawan naman da aka iya ceto ya fi komai tasiri kan magana da haɗiya. Na uku, wani lokaci gashi kan tsiro a kan facin cikin baki, tunda fatar jiki ce, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, ana iya cire shi. Haka nan idan an yanke muƙamuƙi, leɓen ƙasa da haɓa na wannan gefe sukan daina ji, sai dai idan an yi wa jijiyarsu dashe.

Koyon haɗiya kamar jariri

Bayan tiyata akan sanya wa mutum siririyar roba ta hanci zuwa ciki wadda ake ba shi abinci ta cikinta, yawanci na mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka. Akan kuma huda maƙogwaro a sanya bututun numfashi na wucin gadi har kumburi ya saɓe. Muna roƙon 'yan uwa masu jinya, kada tausayi ya sa a ɗura wa majiyyaci ruwa ko rubutu ko kunu ta baki a ɓoye kafin likita ya ba da izini. Abin da ya ɓace hanya ya faɗa huhu yana kawo ciwon huhu mai kisa, kuma wanda maƙogwaronsa ba ya ji zai iya ƙwarewa ba tare da ya yi ko tari ba.

Idan an ba da izini, tsinkakken ruwa ne ya fi wuyar haɗiya, domin ya fi gudu. Abin da ke da ɗan kauri da sulɓi ya fi sauƙi, kuma a wannan fanni abincinmu ya taimake mu: kunun gyaɗa, koko mai kauri, kindirmo, fura da aka dama aka tace, faten wake da aka murje, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa wadda ke sa loma ta zarce. A jingine yaji da barkono da lemon tsami, a jingine kilishi da ƙuli-ƙuli da soye. A zauna a miƙe, a ci da ƙaramin cokali, a sanya abincin a gefen da ke ji, a gwada zafinsa da bayan hannu kafin a kai baki, a duba madubi bayan an gama ko wani abu ya maƙale, kuma kada a kwanta sai bayan rabin awa. A riƙa hawa sikeli duk mako, domin jikin da ke ramewa ba ya warkar da ɗinki. Tari duk lokacin cin abinci, ko murya ta jiƙe kamar mai kurkure, ko zazzaɓi, dalilai ne na komawa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Magana da murya

Harshen Hausa yana aiki da kowane lungu na baki. Haruffa irin t da d da ɗ da l da r da ts daga kan harshe suke fita, k da g da ƙ daga gindinsa, b da ɓ da m kuma daga leɓe. Wanda aka yanke wa rabin harshe zai ga kalmomin ciniki irin su "dala talatin" da "albarka" sun yi masa nauyi da farko, amma da atisaye kullum, a gaban madubi, a hankali, yawancinsu sukan koma yin maganar da ake fahimta. Wayar hannu ta zama abokiyar aiki a nan: mutum ya naɗi muryarsa duk mako ya saurara, zai ji inda ya ci gaba. Idan ganɗa aka cire, murya takan fita ta hanci, ruwa ma ya biyo hanci, sai likitan haƙori ya ƙera wani marfi mai kama da haƙoran roba ya toshe ramin. Wannan dabara tsohuwa ce, domin a 1893 an cire wa shugaban Amurka Grover Cleveland wani ɓangare na muƙamuƙinsa na sama a asirce cikin jirgin ruwa, aka yi masa marfin roba, ya ci gaba da mulki yana jawabi har 1897.

Dajin gidan murya shi ma idan an gano shi da wuri ba dole ne a cire gidan muryar ba. Lula da Silva na Barazil, wanda ya daɗe yana shan taba, an gano nasa a watan Oktoba na 2011, aka yi masa magani da gashi a asibitin Sírio-Libanês da ke Sao Paulo, a watan Maris na 2012 likitoci suka sanar cewa ƙarin ya ɓace, kuma da wannan muryar tasa mai dishi-dishi ya yi yaƙin neman zaɓe ya koma kujerar shugaban ƙasa a Janairun 2023.

Idan ya zama tilas a cire gidan muryar gaba ɗaya, tiyatar da likita Theodor Billroth ya fara yi a Biyana a 1873, mutum zai riƙa numfashi ta wata kafa a gindin wuya har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka akwai hanyoyi uku na magana. Akwai koyon haɗiye iska a dawo da ita kamar gyatsa a sarrafa ta ta zama kalma, wanda ba ya cin ko sisi sai dai watanni na haƙuri. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake dafawa a wuya. Akwai kuma ɗan bututun roba da Mark Singer da Eric Blom suka fito da shi a 1980, wanda ake sakawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, ya fi ba da murya mai kyau, amma sai an riƙa sauya shi bayan 'yan watanni kuma daga waje ake kawo shi. Mai irin wannan kafa ya riƙa rufe ta da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, musamman lokacin hunturu da ƙurar kasuwa, ya kiyaye ruwa wajen wanka da alwala, kuma kada ya kuskura ya shiga kogin Binuwai ko tafkin Lagdo da sunan iyo, ko da a da gwani ne.

Gashi da abin da ke biyo bayansa

Yawancin masu babban ciwo suna buƙatar gashi da na'ura bayan tiyata, kuma an fi so a fara shi cikin mako 6. Ana yin sa kwana 5 a mako har tsawon mako 6 zuwa 7, kuma tsallake kwanaki yana ba ciwon damar farfaɗowa. Gashi yana busar da miyau, yana gusar da ɗanɗano na wasu watanni, yana kuma sa tsokokin muƙamuƙi su ƙage. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu kamar Garwa, bushewar baki ba ƙaramar jarrabawa ba ce, don haka gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya, a riƙa kurkure baki da ruwa mai ɗan gishiri, a goge haƙora da man goge baki safe da dare. Wanda azumi ya riske shi yana cikin magani ya tuntuɓi likitansa da malaminsa, tunda addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Gwajin buɗe baki mai sauƙi ne: yatsu uku a jere su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Idan suka fara gagara, a ƙara ƙaimi wajen atisayen buɗe baki sau da yawa a yini kamar yadda aka koya a asibiti, domin bakin da ya riga ya ƙage buɗe shi aiki ne ja. Kafaɗar gefen da aka buɗe wuya ita ma takan yi rauni, sai an riƙa motsa ta, kuma masu dako su san da haka. Babban gargaɗi shi ne na haƙori. Ƙashin da aka gasa ba ya warkewa kamar da, cire haƙori guda a jikinsa na iya sa ya ruɓe. A gyara haƙora kafin a fara gashi, bayan haka kuma har abada kada a miƙa baki ga mai cire haƙori na bakin kasuwa, kuma duk likitan haƙorin da za a gani a fara shaida masa cewa an taɓa gashi.

Daga Garwa ina aka nufa?

Matakin farko yana nan gida. A je Asibitin Lardi na Garwa, ko sabon Babban Asibitin Garwa da aka gina da rancen Koriya ta Kudu, ko asibitocin Marwa da Ngaundere, a nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta wa ORL a Kamaru, ENT kuma a Nijeriya, ko likitan haƙori. Ba a tabbatar da ciwon daji da ido, sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, kuma wannan yankan ba ya sa ciwo ya bazu kamar yadda ake yaɗawa. Ƙirƙiro Jami'ar Garwa a 2022, wadda tsangayar koyon likitanci ke ƙarƙashinta, ya ba mu fatan samun ƙwararru 'yan gida nan gaba.

Manyan tiyata da gashi kuwa sun taru ne a kudu, musamman manyan asibitocin Yawunde da Duwala. Wannan na nufin tafiyar kimanin kilomita 280 a mota zuwa Ngaundere, sannan kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ga kuɗin masauki da abinci na wata biyu ga majiyyaci da mai jinya. Asibitin Mbingo na 'yan Baptis da ke kusa da Bamenda ya yi suna wajen tiyatar kai da wuya da horar da likitocinta, sai dai rikicin da ya ɓarke a yankin tun 2016 ya sa hanyar ta yi wuya. Masu harka da Nijeriya sukan fara da asibitin koyarwa na Yola, daga nan a tura su Gombe ko Kano ko Shika ta Zariya ko Abuja. A Sakkwato akwai Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa wa a 2014. Noma, wato cutar da ke zaizaye bakin yara, ba ciwon daji ba ce, amma aikin da ake yi a can ya nuna cewa ana iya gyara fuska a buɗe ƙagaggen baki a ƙasar Hausa.

Ko wace hanya aka zaɓa, a buga waya a tabbatar na'urar gashi tana aiki kafin a kama hanya, domin a ƙasashen biyu na'urorin kan tsaya. A riƙe takardar sakamakon gwajin nama, da hotunan da aka ɗauka, da bayanin tiyatar da aka yi, a ɗauki hotonsu a waya, kuma wanda zai tsallaka iyaka ya nemi a fassara masa su daga Faransanci zuwa Turanci. Kafin a sa hannu a takardar tiyata, a tambayi likita: me za a cire, da me za a cike, za a haɗa jijiyar ji, wa zai koya mini haɗiya da magana, a ina kuma za a yi gashi? Tambaya ba raini ba ce.

Abin da ke kan kasuwa

Kashin farko na shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2023 ya fi mayar da hankali ne kan mata masu ciki da ƙananan yara da wankin ƙoda da wasu cututtuka masu yaɗuwa, don haka nauyin irin wannan jinya yana faɗowa ne kan iyali. Mun san yadda ake haɗa gudummawa idan gobara ta cinye rumfar ɗan uwa ko aka tare masa kaya a hanya. Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai da ƙungiyoyin direbobi da iyayenmu mata masu adashi su ware wani asusu na jinya tun kafin buƙata ta taso, domin makonnin da ake ɓatawa wajen neman kuɗin mota su ne ciwon ke amfani da su.

Idan kuma Allah Ya dawo da majiyyaci gida, a riƙe masa rumfarsa, a biya shi bashin da yake bi, a zauna a ci abinci tare da shi ko da miyau na zuba. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta musabaha. Idan yana magana a saurara har ya kai aya, kada a ƙarasa masa zance, kada a juya ga yaronsa ana tambaya "me Alhaji ya ce?" alhali yana zaune. Shi kuma ya rabu da taba da giya baki ɗaya, ya riƙa komawa asibiti a ranakun da aka yanka masa, musamman a shekara biyu na farko da ciwon ya fi dawowa a cikinsu. Sauranmu kuwa, duk wanda ke da gyambo a baki ko dishewar murya da ta wuce mako uku, ya bar wa yaro rumfa gobe da safe ya tafi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa albarka a kasuwancinmu, amin.